Buhu Ɗaya da Ya Kai Ni Marsai

Ku matso da tabarmarku nan, 'yan mata, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya da kuna fita na ji wata a cikinku tana cewa gyaran ƙaro ba aiki ba ne, zama ne a inuwa ana hira. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka da farko. Sunana Falmata, ko da yake yanzu duk unguwar nan Inna Mai Ƙaro ake ce mini, kuma tun kafin a haifi iyayen wasunku nake wannan sana'a a nan Gure.

Ranar da na fara zama gaban faifai, wata tsohuwa ce ta karɓe ni, mai suna Ya Amsa, Allah ya jiƙanta. Ta zuba mini tiya guda ta ƙaro ta ce in raba. Na duba, duk iri ɗaya ne a idona. Na ware manya gefe, ƙanana gefe, na ce na gama. Ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan da nake taƙama da su, ta matse shi tsakanin yatsu biyu, ya ruguje kamar tsohon ƙuli-ƙuli.

"Na itacen farar ƙaya ne wannan," in ji ta.

Ta miƙo mini wani mai duhu ta ce in lasa. Na lasa, bauri ya ɗaure mini harshe.

"Na taramniya."

Sai ta tono wani ɗan madaidaici da na jefa cikin ƙanana, ta ɗaga shi ga rana. Haske ya ratsa shi kamar zuma.

"Ga na dakwara. Shi ake nema, 'yata. Sauran duk baƙi ne a faifan nan."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Faifai, rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙanana, da 'yar wuƙa mai gajeren baki ta kankare ɓawon itacen da ya manne. Sai tabarma mai tsabta wadda ba a taɓa shanya barkono ko kifi a kanta ba, domin ƙaro yana da kwaɗayin wari. In kika zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukar albasa ko takin zamani, to ya ɗauka ke nan har abada. Buhun leda kuma gumi yake sa shi, sai dai na algarara. Sauran kayan aikin a jikinki suke: yatsu, harshe da kunne. E, kunne! Busasshen ƙaro in ya faɗi a faifai ƙwas yake yi kamar tsakuwa. Wanda ke da danshi a ciki tib za ki ji. Wata uku na yi Ya Amsa ba ta bari na taɓa buhun da za a ɗinke ba.

A lokacin nan, wurin da muke zaune yanzu babu komi sai rairayi da bishiyar aduwa guda, a bakin gudro, wato titin kwalta, can bayan gari. Yayana, Elhaji Bukar, shi ya fara rataya ma'auni a reshen aduwar, saboda masu kawo ƙaro daga Kelle da Gamu ba su son kutsawa cikin gari da raƙuma. Yawancinsu makiyaya ne, suna kiwo suna tsaga dakwara bayan damina, su koma su tsinci abin da ta zubar. Suna isowa da yunwa, sai wata mata mai suna Hadiza ta fara kawo fura. Mai shayi ya biyo bayanta. Raƙuma na son ruwa, aka haƙa rijiya. Lokacin salla na yi, aka kewaye wani wuri da duwatsu, daga baya ya zama masallaci. Kamyon da ke zuwa ɗaukar kaya yana fasa taya, sai ga mai faci ya kafa rumfa. Wanda ya sayar da ƙaro kuwa ba ya komawa daji hannu wofi, yana son sukari da ganyen shayi da atamfar matarsa, sai shaguna suka tsiro. Masu lambu a kwari suka fara kawo dabino da rogo. Yaya ya gina magazar nan ta ajiyar kaya, mu mata muka kai kusan ashirin a ciki, mutane suka yi ta kafa gidaje kewaye da mu. Ni duk ban lura ba. Kaina na duƙe kan faifai.

Sai shekarar fara ta zo. Ta sauka ƙarshen damina ta cinye ganyen dakwara tas. Masu tsaga suka tsaga, suka koma bayan wata da rabi, suka tarar itatuwan sun zubar da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Shi kuwa Yaya ya riga ya yi wa Turawan da ke sayen ƙaronmu a Faransa alkawarin cika kamyo. Sai ya fara karɓar duk abin da aka kawo: na farar ƙaya, na taramniya, har da wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi.

Na same shi a bakin ma'auni na ce, "Yaya, wannan ba ya shiga buhu."

"Falmata, Bature zai tsaya lasar ƙaro ɗaya-ɗaya ne? Niƙewa za su yi. Ku zuba."

"Ai jiƙaƙƙe ne."

"Zai bushe a hanya."

Na koma na zuba. Yayana ne, kuma magazarsa ce. Amma ku riƙe wannan: ba wani ya ɗinke buhunan nan ba, ni ce, da allurata.

Kayan suka bi ta Kwatano suka hau jirgin ruwa. Bayan wata uku takarda ta iso, da hoto a ciki. Ƙaron ya narke ya dunƙule a cikin buhu, ya zama kamar dutse guda, fumfuna ta rufe shi. A ƙasan hoton an rubuta kada mu ƙara aiko musu da komi.

Da lokacin ƙaro ya zagayo, kamyo bai zo ba. Masu raƙuma suka ji labari suka karkata zuwa wata kasuwa ta bakin iyaka. Hadiza ta yi kwana uku tana mayar da furarta gida, ta daina zuwa. Mai shayi ya kwashe bencinsa. Mai faci ya tafi Damagaram. Shaguna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masallacin da a da ake salla har waje ya koma ko sahu ɗaya ba ya cika. Matan magaza suka watse. Ina zuwa da safe in buɗe ƙofa in share, in ji tsit, sai kukan kurciya a kan aduwa.

Abin haushi, a shekarar dakwara ta yi kyau ƙwarai. Wani tsohon makiyayi na Kelle da bai saba da wata kasuwa ba ya kawo mana kayan raƙumi guda. Na zauna ni kaɗai na gyara buhu ɗaya. Kusan wata guda na yi a kansa. Kowane ƙulli na juya shi, na kankare, na ɗaga ga rana, na saurari faɗuwarsa. Da na ɗinke na ce wa Yaya ya aika musu.

"Sun ce kada mu ƙara."

"Ba sayarwa za mu yi ba, Yaya. Kyauta ce. Su dai buɗe su gani."

Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya haɗa buhun da kayan wani ɗan kasuwa da ke aikawa ta jirgin sama daga Yamai. Mun fidda rai, sai ga amsa. Yaya ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci. Ya karanta sau biyu, ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Me suka ce?"

"Sun ce wane ne mutumin da ya gyara buhun nan, a turo shi su gan shi. Falmata, namiji suka ɗauke ki!"

Maigidana ya ce tunda da yayana zan tafi, in je. Aka yi mini paspor, muka hau mota zuwa Damagaram, daga nan Yamai. A Yamai na ga kogi na ce lallai ruwa ya ƙare a nan. Ashe ban ga komi ba! Da jirgi ya fara sauka a Marsai, can Faransa, na leƙa ta taga, ruwa ne shuɗi har inda ido ya tsaya, jiragen ruwa a kansa kamar an watsa gero. Na damƙe hannun rigar Yaya ina salati, shi kuma yana cewa in sake shi, mutane na kallo.

Washegari aka kai mu wata magaza da za ta haɗiye tamu sau ashirin. Wanda ya tarbe mu wani tsohon Bature ne, Mushe Andre, mai kaurin hannu kamar na manomi. Aikinsa duba duk kayan da suka sauka daga jirgi, shi ne kuma ya buɗe buhun nan nawa. Da Yaya ya nuna ni ya ce ga mai gyaran, sai tsohon ya cire hularsa. Amma bai yarda nan take ba. Ya sa aka kawo wani faranti babba cike da ƙaro a gauraye, ya ce in raba. Ma'aikata masu fararen riguna suka kewaye ni.

Suka ba ni kujera da tebur. Na ce wa Yaya ni ban iya aiki a sama ba. Aka shimfiɗa mini kwali a ƙasa, na tuɓe takalmi, na yi bismilla. Da yatsuna suka shiga cikin ƙaron sai na manta ina wata ƙasa. Na dakwara nan, na farar ƙaya can, na taramniya gefe, mai danshi daban. Can sai hannuna ya faɗa kan wani ƙulli kyakkyawa, launin zuma, ba ɗigon datti. Na sake shi a faranti, ƙarar ba ta yi mini ba. Na shafa, ya cika santsi. Na kai harshe, zaƙi!

Na ɗaga shi na ce, "Yaya, gaya masa wannan ba itace ya haife shi ba."

Mushe Andre ya yi dariya har da buga cinya. Alewa ce ya jefa a ciki don ya gwada ni, kuma wai da ƙaro irin namu ake yin ta. Masu fararen riguna suka yi tafi. Ni kuwa na jefa alewar a baki, don ba a mayar da abin da aka lasa.

Sai tsohon ya daina dariya ya yi wata tambaya. Na ga Yaya ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce wadda ta san ƙaro haka, yaya aka yi ruɓaɓɓen kayan nan suka wuce ta gabanta."

Na ce, "Gaya masa na gani, na sani, kuma ni na ɗinke."

Yaya ya juya ya yi magana, amma maganar ta fi tawa tsawo nesa. Da ya gama na tambaye shi abin da ya ƙara.

"Na ce masa kin hana, ni na tilasta."

Mushe Andre ya dube mu duka biyu ya daɗe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce gobe da safe zai zo ya ɗauke mu, akwai abin da yake so ya nuna mana.

Da safe ya fara kai mu bakin wani ruwa da ya shigo cikin gari kamar an yanka masa ɗaki, ƙananan jirage cike da shi. Mata na sayar da kifi a bakinsa suna ta kwarmato, ko kasuwar Gure albarka. Daga nan ya hau da mu wani dutse mai coci a bisa. Ina haki na juyo, sai ga garin gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafata, gidaje sun hau tuddai sun gangara har ido ya gaji.

Ya nuna ɗan ruwan nan da muka baro, yana magana Yaya na juya mini. Ya ce duk garin nan daga can ya fara. Tun zamanin da, wasu fatake na jirgin ruwa suka ga wuri ne da iska ba ta farfasa jirgi, suka riƙa sauke kaya. Mutanen tudu suka riƙa gangarowa da nasu don musaya. Kaya na son mai ɗauka, sai 'yan dako suka zauna. Jirgi na son igiya da gyara, sai masu tufka da kafintoci suka zauna. Baƙo na son abinci da wurin kwana da mai canza masa kuɗi. Kowa ya gina ɗaki kusa da abincinsa, wanda ya zo daga baya ya gina a bayansa, har gidaje suka hau dutse. Ya ce yawancin manyan garuruwansu haka suke: wani a bakin teku, wani inda ake ƙetare kogi, wani inda hanyoyi biyu suka haɗu aka riƙa cin kasuwa.

Ban san lokacin da na katse shi ba. "Yaya! Ai aduwarmu ce yake faɗa!"

"Wace aduwa?"

"Ma'auninka, da furar Hadiza, da rijiya, da mai faci! Gaya masa, don Allah gaya masa!"

Yaya ya tsaya baki buɗe, sannan ya shiga ba shi labari da hannu da ƙafa. Tsohon yana ta gyaɗa kai. Sai ya juya da mu ta wani gefen, ya nuna wasu dogayen gine-gine a bakin teku. Ya ce da jirage suka yi girma, tsohon wurin ya yi musu kaɗan, aka gina sabuwar tasha can, gari kuma ya tashi ya bi ta. A bayanta aka kafa injinan matsar mai da na sabulu. Ya ce a nan babansa ya yi aiki har ya tsufa, yana matsar gyaɗa, kuma gyaɗar daga ƙasashenmu take zuwa.

Ni da Yaya muka dubi juna. Babanmu da raƙuma ya yi ƙuruciyarsa yana kai gyaɗa kanti a kudancin Damagaram. Na ce, "Ashe gumin Baba na cikin ginin nan." Yaya ya juya masa. Mushe Andre ya kama hannun Yaya da hannu biyu yana girgizawa, kamar sun haɗu da ɗan'uwa a kasuwa.

Daga nan muryarsa ta sauka. Ya ce da gyaɗar ta daina zuwa, injinan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A layinsu mai burodi ya fara tafiya, sai mai aski, sai maƙwabta. Ya tambaya ko mai furar tamu tana nan. Na ce ta daina zuwa. Ya kalli teku, sannan ya ce zai karɓi kamyo ɗaya na gwaji. Sharaɗinsa guda ne: kowane buhu ni zan ɗinke, in sa masa alamata, kuma abin da na ƙi ya ƙiyu, ko wa ya kawo shi.

Na sauko daga dutsen nan cike da murna.

Da muka dawo ban zauna ba. Na hau amalanke na bi ƙauyukan Kelle da Gamu ina neman masu tsaga. Na ce su riƙa tsinta a ƙwarya, kada ya taɓa ƙasa, kowane itace da jakarsa, kuma a shanya a inuwa. Wasu suka ce mace ta je ƙasar Turawa ta dawo tana koya musu dajinsu. Na ce ba daji nake koya musu ba, buhu nake koya musu. Na bi matan magaza gida-gida na dawo da su. Raƙuma suka fara isowa biyu-biyu, uku-uku. Wata safiya na fito sai na ga Hadiza zaune gindin aduwa tana dama fura, kamar jiya ta tashi.

Ranar lodi unguwa duka ta fito. Aka yi ta jera buhuna, kowane da jan zaren da nake ɗinkewa da shi. Da na ƙarshe ya hau, sai ga gurbi a bayan kamyo, wurin buhu shida ko bakwai. A jikin bangon magaza kuwa ga tulin waɗanda na ƙi, sun fi goma. Ba ruɓaɓɓu ba ne, gauraye ne kawai, irin wanda ake sayar wa masu wankin hula da masu dafa tawada.

Direban ya leƙo ya ce, "Elhaji, daga nan har Kwatano da wannan rami? Ga kaya can a jingine. A sa su a tsakiya, wa zai gani?"

Yaya ya dubi tulin nan, ya daɗe yana dubansa. Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa allura na hannuna. Sai ya tattare babbar rigarsa, ya taka taya ya hau kamyon da kansa, dattijo da shi, ya ja tampol ya rufe gurbin, ya ɗaure igiya tam.

"Ja motarka," in ji shi daga sama. "Abin da Falmata ba ta ɗinke ba, ba ya fita daga Gure."

Hadiza ce ta fara rangaɗa guɗa, matan magaza suka karɓa, har raƙuma suka firgita suka miƙe. Kamyo ya hau gudro da raminsa. Shekarar da ta biyo kamyo biyu suka zo, a bayansu kuma ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, da igiyar awo, suna neman inda za su fitar da layi tsakanin gidaje.

Amma a ranar, da Yaya ya sauko, ya zo kusa da ni yana kakkaɓe hannu, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Falmata, in wata shekara na sake ce miki ki zuba, kada ki ce mini Yaya. Ki kira ni Bukar, gatsal, a gaban mutane."

Har Allah ya karɓi ransa, Yaya nake ce masa.